Mene ne 7/8, kuma me ake nufi da poliridim a kiɗan furog da metal?

Duk wanda ya leƙa hirar masoya kiɗan furog rok (reshen rok mai dogayen waƙoƙi da sarƙaƙƙen tsari) da na metal (reshensa mai kaushin jita da ƙarfin ganga) zai tarar da su suna ta jefa lambobi: wannan waƙa 7/8 ce, waccan 5/4, wata kuma a ce tana da poliridim. Matsalar ita ce abubuwa uku daban-daban ake cusawa cikin buhu ɗaya. Akwai baƙon ma'auni, akwai poliridim, akwai kuma polimita, kuma yawancin abin da ake kira poliridim a metal na ukun ne.

A fara da ma'aunin. Masu rubuta kiɗa suna yanka shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da adadin bugunta. Lambar sama tana faɗin bugu nawa ne a gaɓa ɗaya, ta ƙasa kuma tana faɗin wane tsawon sauti aka ɗauka a matsayin bugu guda: 4 na nufin kwata, 8 rabin kwatar, 16 rabin wancan. Yawancin waƙoƙin Turawa da ake sakawa a rediyo 4/4 ne, ɗaya, biyu, uku, huɗu, a koma. Baƙon ma'auni shi ne wanda gaɓarsa ke da bugu biyar, ko bakwai, ko sha ɗaya, ko sha uku, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, ba ya kuma rabuwa uku daidai.

Makaɗa ba sa ƙirga bakwai ɗin a jere, sai su farfasa shi zuwa bibbiyu da uku-uku. Gwada da tafi: ka ce "ɗaya biyu, ɗaya biyu, ɗaya biyu uku" da sauri, kana tafawa a kan kowane "ɗaya". Tafi biyu gajeru, na uku mai ɗan jan ƙafa, ka koma farko ba tare da numfasawa ba. Ka kaɗa 7/8 ke nan. In ka mai da ukun gaba, uku, biyu, biyu, har yanzu bakwai ne amma tafiyarsa ta canza sarai. Shi ya sa lambar ita kaɗai ba ta gaya maka komai game da yadda waƙa take a kunne.

Ba 'yan rok ne suka ƙirƙiro wannan ba. A Bulgeriya ana rawar biki da bakwai da sha ɗaya tun kaka da kakanni: rawar rachenitsa biyu, biyu, uku ce, kopanitsa kuma biyu, biyu, uku, biyu, biyu. Turkawa na kiran irin wannan tafiya aksak. A Turkiyyar ne Dave Brubeck, makaɗin jaz na Amurka, ya ji tara da aka raba biyu, biyu, biyu, uku maimakon uku-uku, ya gina "Blue Rondo à la Turk" a kai, a faifan Time Out na 1959, faifan da ke ɗauke da "Take Five" mai 5/4 wadda Paul Desmond ya tsara. Bayan shekara goma, samarin Ingila da ke neman fitar da rok daga waƙar soyayya ta minti uku suka kama wannan hanya, suka haɗa da abin da suka koya daga masu tsara kiɗan Turai Stravinsky da Bartók. King Crimson sun fitar da faifansu na farko a 1969, Genesis kuma a 1972 har suka saka lambar a sunan wani sashe na doguwar waƙarsu "Supper's Ready", suka kira shi "Apocalypse in 9/8".

Misalin da ya fi sauƙin kamawa shi ne "Money" ta Pink Floyd, 1973. Jitar bes tana zagaye bakwai, kuma tun kafin ta shigo, ƙarar akwatin kuɗi da ta sulalla da aka harhaɗa a tef ta riga ta shimfiɗa bakwai ɗin. Miliyoyin mutane sun yi ta kaɗa kai da ita ba su san akwai bugu ɗaya da ya ɓata ba. Sai da aka zo wurin da David Gilmour zai saki jita, waƙar ta faɗa 4/4, kunne ya ji kamar an buɗe ƙofa, sannan aka dawo bakwai. A ganina wannan ne amfanin baƙon ma'auni mafi kyau: ƙuncin bakwai ne ya ba huɗun daɗi. Rush na Kanada kuma sun samo nasu daga wani wuri dabam. Farkon "YYZ", 1981, haruffan filin jirgin saman Toronto ne aka buga da saƙon Mos, wato rubutun telegiram na dogon sauti da gajere: dogo, gajere, dogo, dogo, har tsarin ya faɗo a kan biyar. Wasu su rubuta shi 5/4, wasu 10/8, duk abu ɗaya suke ji.

Poliridim wani abu ne daban, kuma ba ya bukatar baƙon ma'auni ko kaɗan. Shi ne a raba lokaci guda ɗaya gida biyu da kuma gida uku, ko uku da huɗu, a lokaci ɗaya. Kamar uba da ɗansa ne suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, uban ya yi taku biyu, yaron ya yi uku, ƙafafunsu su sake sauka tare. A kan tebur ma za ka iya: ƙirga shida, hannun dama ya buga a ɗaya, uku, biyar, hagu ya buga a ɗaya da huɗu. Abin da zai fito shi ne tare, dama, hagu, dama, tare, dama, hagu, dama. Da farko hannu ɗaya zai riƙa jan ɗaya, daga baya sai ka ji su a matsayin kari guda.

Nan ne kunnen da ya taso da gangunan Afirka ta Yamma ya riga na Bature nisa. Uku a kan biyu shi ne ginshiƙin kiɗa da yawa a wannan yanki. A kiɗan Ewe na Gana da Togo, kuge yana riƙe zagaye mai sha biyu, ganguna da masu rawa kuma wannan ya ji shi huɗu, wancan ya ji shi shida. Steve Reich, mai tsara kiɗa na Amurka, ya je Gana a 1970 ya koyi wannan kiɗa, kuma aikinsa na cikin abin da ya shiga kunnen 'yan furog na baya. Abin da zai zo wa mai irin wannan kunne a baƙo shi ne bakwai da sha ɗaya, don zagayen gangunan yankin galibi sha biyu ne ko sha shida.

Sai polimita, wadda ita ce ainihin abin da ake ta cece-kuce a kai. A nan saurin bugun kowa ɗaya ne, tsawon zagayen ne ya bambanta. Mai jita ya maimaita abu mai bugu bakwai, mai ganga ya maimaita mai takwas. Sun tashi tare, a zagaye na biyu jita ta riga ganga da ɗaya, a na uku da biyu, haka za su yi ta zamewa har sai bayan bugu 56 su haɗu. King Crimson sun yi wannan da jita biyu a "Frame by Frame", faifan Discipline na 1981: Adrian Belew yana riƙe da bakwai-bakwai, Robert Fripp yana bin kari ɗaya da shi amma yana yar da sauti ɗaya, nasa ya zama sha uku maimakon sha huɗu. Jita biyun su fara kamar ɗaya, su rabu a hankali, su sake gamuwa.

Waɗanda suka kai abin ƙarshe su ne Meshuggah, daga garin Umea a arewacin Suwidin, da suka kafu a 1987. Mutum zai rantse babu ma'auni a kiɗansu, alhali kusan duk 4/4 ne. Mai gangarsu, Tomas Haake, hannuwansa na riƙe da huɗu tsaf: faifan ƙarfen da mai ganga ke dokawa a kowane bugu, ƙaramar ganga a na uku. Ƙafafunsa kuwa suna bin jita, jitar kuma tana wani zagaye na daban. A farkon "Rational Gaze", 2002, jita tana maimaita tsari mai ƙananan bugu 25 har sau huɗu, sannan ta yi na biyar mai 28. Haɗa su, 128. Gaɓa takwas na 4/4 su ma 128 ne, sha shida sau takwas. Wato an ƙara wa zagayen ƙarshe uku ne da gangan don kowa ya iso gida tare. Shi ya sa a wurin wasansu za ka ga dubban mutane suna girgiza kai bai ɗaya a kan kiɗan da ba za su iya ƙirgawa ba: wuyansu na bin hannun Haake, kunnensu na bin jita. Salon da ake kira djent, na ƙungiyoyi irin su Periphery da TesseracT, daga nan ya tsiro.

Akwai kuma hanyar sauya ma'auni akai-akai. Tool a "Schism" suna karɓa-karɓa tsakanin biyar da bakwai, a "Lateralus" ta 2001 kuma amshin yana tafiya tara, takwas, bakwai, masoyansu na son tunatar da kai cewa 987 na cikin jerin lambobin Fibonacci, jerin da kowace lamba a cikinsa jimillar biyun da suka gabace ta ce. Dream Theater sun sauya ma'auni fiye da sau ɗari a cikin "The Dance of Eternity" ta 1999. Gwaninta ce, babu musu, sai dai ni takan gajiyar da ni, don kafin jiki ya zauna a kan kari ɗaya an riga an fizge shi. Tool sun fi iya barin baƙon zagaye ya daɗe har ya zama gida.

In kana son gane wanne kake ji, kada ka fara da jita. Nemi abin da ba ya canzawa, galibi faifan ƙarfe ko ƙaramar ganga, ka bi shi da ƙafa. In ƙafar na tuntuɓe a wuri ɗaya kowane zagaye, baƙon ma'auni ne, sai ka ƙirga bibbiyu da uku-ukun da ke ciki. In ƙafar na tafiya lafiya amma jita ce ke sauka kowane lokaci a sabon wuri, polimita ce. In kuwa za ka iya taka kiɗan da sauri iri biyu, kowanne ya zauna daidai kuma suna haɗuwa a farkon kowace gaɓa, poliridim ke nan.