GridEx: Atisayen Kare Babban Layin Lantarki a Arewacin Amurka

GridEx atisaye ne da kamfanonin wutar lantarki na Amurka da Kanada suke yi tare da hukumomin gwamnati sau ɗaya a kowace shekara biyu, a watan Nuwamba. Manufarsa ita ce a gwada yadda za su yi idan aka kai wa babban layin lantarki hari ta hanyar kutsen kwamfuta, ko da makami, ko duka biyun a lokaci guda. An fara shi a 2011. Hukumar NERC ce take shirya shi ta hannun cibiyarta ta musayar bayanan tsaro da ake kira E-ISAC. Shiga cikinsa ba dole ba ne, kuma ba a taɓa ko da waya ɗaya ta gaske yayin da ake yin sa.

Mai karatu a Najeriya zai iya rikita wannan suna, domin hukumar da take kula da harkar lantarki a Abuja ita ma NERC ake ce mata. Haruffan ne suka zo ɗaya. Wadda ake magana a nan ta Arewacin Amurka ce, kuma aikinta tabbatar da cewa babban layin da yake ba wa mutane kusan miliyan 400 wuta a Amurka da Kanada da wani yanki na arewacin Meziko bai durƙushe ba.

Asalin hukumar da ƙa'idojinta

Ɗaukewar wuta ce ta haifi NERC. A ranar 9 ga Nuwamba 1965 wuta ta ɗauke a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontario na Kanada, mutane kusan miliyan 30 suka shiga duhu. A 1968 kamfanoni suka kafa majalisar da za ta riƙa tsara musu ƙa'idojin aiki. Shekaru da yawa bin waɗannan ƙa'idoji ganin dama ne. Sai ranar 14 ga Agusta 2003, lokacin da manyan wayoyi a jihar Ohio suka taɓa bishiyoyi, manhajar da ya kamata ta yi ƙararrawa a ɗakin kula da layi kuma ta tsaya ba tare da kowa ya lura ba. Matsalar ta bazu har mutane kusan miliyan 50 suka rasa wuta. Babu ɗan kutse a wannan lamari, amma ya nuna abin da yake faruwa idan allon da ke gaban ma'aikaci ya daina faɗa masa gaskiya.

Dokar makamashi ta 2005 ta mayar da ƙa'idojin wajibi a Amurka, hukumar tarayya mai kula da makamashi, FERC, ta damƙa wa NERC aikin tilasta su a 2006, sannan a Janairun 2008 ta amince da rukunin farko na ƙa'idojin tsaron kwamfuta da ake kira CIP. Dokar ta ba da damar cin tara har dala miliyan ɗaya a kowace rana a kan kowane laifi.

Ƙa'idojin CIP suna da lambobi, kuma ma'aikatan wannan fanni da lambobin suke kiran su. CIP-002 ta ce kowane kamfani ya tantance na'urorinsa ya raba su gida uku bisa girman ɓarnar da lalacewarsu za ta jawo. CIP-004 ta shafi mutane: a binciki tarihin ma'aikaci kafin a ba shi izinin shiga, a sake binciken bayan shekara bakwai, a kuma sabunta masa horo cikin kowane wata 15. CIP-007 ta tilasta a duba ko an fitar da sabon gyaran manhaja a kowane kwana 35. CIP-008 kuwa ta buƙaci kamfani ya mallaki rubutaccen shirin tunkarar hari, ya kuma gwada shi aƙalla sau ɗaya cikin wata 15. A nan ne ƙa'ida da atisaye suke haɗuwa, domin kamfanoni da dama sukan yi amfani da GridEx wajen gwada wannan shiri nasu.

Abin da ya sa ake tsoro

Yawancin hanyoyin da na'urorin tashoshi suke magana da juna an ƙirƙiro su ne tun zamanin da babu wanda ya yi tunanin baƙo zai iya shiga. Ɗaya daga cikinsu, Modbus, ta fito a 1979. Ita da DNP3 ta asali da IEC 60870-5-104 ba sa tambayar wanda ya aiko da umarni ko shi wane ne. Duk wanda ya samu shiga hanyar sadarwar ya ce makatsar wuta ta buɗe, za ta buɗe. An fito da ƙa'idar IEC 62351 domin a ɗora tantancewa da ɓoye saƙo a kan irin waɗannan hanyoyi, sai dai na'urar da aka girka a tasha takan yi shekara ashirin ko talatin tana aiki, ba a kuma iya kashe ta yadda ake kashe kwamfutar ofis.

A watan Maris na 2007 masu bincike a cibiyar gwaje-gwaje ta ƙasa da ke Idaho suka yi gwajin da aka sani da Aurora. Sun aika umarni ta kwamfuta makatsar wani babban janareta mai amfani da dizal ta riƙa buɗewa tana rufewa a lokacin da bugun injin bai daidaita da na layi ba. Injin ya yi ta girgiza, ya yi hayaƙi, ya lalace. Tashar CNN ta nuna bidiyon a watan Satumba na shekarar. Daga nan aka daina jayayya a kan ko saƙon kwamfuta zai iya karya ƙarfe.

Yadda ake gudanar da atisayen

GridEx yana da sassa biyu. Na farko kwana biyu ake yi, kuma ba a taruwa a wuri ɗaya. Kowane kamfani yana zaune a ofishinsa, ma'aikatansa suna kan kujerun da suka saba zama. Tun watanni kafin ranar, masu shiri sukan tsara labarin hari na gaba ɗaya, kowane kamfani kuma ya naɗa nasa mai shiri wanda zai daidaita labarin da tashoshinsa da wayoyinsa. Idan an fara, sai a riƙa jefo musu matsaloli ɗaya bayan ɗaya. Saƙo ya zo cewa an ga baƙuwar manhaja a kwamfutar injiniya. Bayan sa'a guda a ce an harbi taransifoma a wata tasha. Can kuma a ce wayoyin tarho sun katse, ko kamfanin iskar gas ya ce ba zai iya kawo wa injina mai ba. Akwai ma labarai da shafukan zumunta na kwaikwayo da aka shirya domin atisayen, inda jita-jita take yawo, domin sashen hulɗa da jama'a shi ma ya gwada ƙwanjinsa.

Sashe na biyu zama ne na shugabannin kamfanoni da manyan jami'an gwamnatocin Amurka da Kanada. Su ba na'ura suke taɓawa ba, shawara suke yankewa. Wace unguwa za a fara mayar wa wuta, asibiti ko sansanin soja ko tashar ruwa? Wa yake da ikon ba da umarnin gaggawa? Idan taransifoma guda ɗaya ta rage a ajiya kuma kamfanoni uku suna neman ta, wa za a ba? Wannan tambaya ta ƙarshe ba wasa ba ce, domin babbar taransifoma ana ƙera ta ne bisa oda, kuma takan ɗauki fiye da shekara kafin ta iso.

Ƙungiyoyi kusan 75 ne suka shiga GridEx na farko a 2011. A 2017 mutane kimanin 6,500 daga ƙungiyoyi 450 suka shiga, a 2019 kuma sun haura 7,000 daga ƙungiyoyi fiye da 500. Bayan kowane zagaye NERC takan fitar da rahoton darussa ga jama'a, ba tare da ta ambaci wanda ya gaza ba. Wannan sirrantawa tana da muhimmanci. Da a ce abin da aka gani a atisaye za a kai shi teburin masu cin tara, da kowa ya ɓoye rauninsa, atisayen kuma ya zama biki kawai.

Metcalf da Yukren

Abubuwa biyu da suka faru a zahiri sun sauya fasalin atisayen. Na farko ya faru da daren 16 ga Afrilu 2013 a tashar Metcalf kusa da San Jose a Kalifoniya. Wasu mutane suka yanke wayoyin sadarwa na ƙarƙashin ƙasa, sannan suka buɗe wa taransifomomi wuta da bindiga, suka lalata 17. An kauce wa ɗaukewar wuta ta hanyar karkatar da ita ta wasu layuka, amma gyaran ya ci fiye da dala miliyan 15. GridEx na biyu, wanda aka yi a Nuwamban shekarar, ya haɗa kutse da harin makami, a 2014 kuma aka amince da CIP-014 a kan tsaron manyan tashoshi.

Na biyu shi ne na Yukren, kuma har yau shi ne darasin da ake farawa da shi a kusan kowane ajin horo. A ranar 23 ga Disamba 2015 masu kutse suka katse wa masu amfani da wuta kimanin 225,000 lantarki a yankunan kamfanonin rarraba wuta guda uku. Sun shiga ne watanni kafin nan ta saƙon imel na yaudara mai ɗauke da muguwar manhajar BlackEnergy, suka zauna shiru suna satar kalmomin sirri suna koyon tsarin wurin. Ranar harin, ma'aikata a ɗakin kula da layi suna kallo alamar linzamin kwamfutarsu tana yawo da kanta tana buɗe makatsun wuta. Maharan sun lalata manhajar na'urorin da suke haɗa tashoshi da ɗakin, suka goge kwamfutoci da wata muguwar manhaja mai suna KillDisk, suka kuma cika layin tarhon ƙorafi da kiran ƙarya.

Abin da ya ceci lamarin shi ne injiniyoyi sun shiga mota sun je tashoshin sun mayar da makatsun da hannu. Cikin sa'o'i kaɗan wuta ta dawo, duk da cewa sun daɗe suna tafiyar da layin ba tare da na'urar sarrafawa daga nesa ba. Wannan ya tayar da tambaya mai nauyi a Amurka, inda aka fi dogara da na'ura kuma aka rage ma'aikatan tasha: mutum nawa ne suka rage da suka iya wannan aiki, kuma ta wace hanya za a yi musu magana idan tarho ya mutu? A Disamban 2016 aka sake kai hari a wata babbar tasha a arewacin Kyiv, wannan karon da manhajar Industroyer wadda ta iya yaren na'urorin da kanta. A Oktoban 2020 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tuhumi jami'ai shida na hukumar leƙen asirin sojan Rasha da hannu a waɗannan hare-hare da wasu.

Abin da atisayen ya haifar

Babban abin da za a iya nunawa shi ne shirin taimakon juna a kan kutse. Kamfanonin Amurka sun daɗe suna aika wa juna ma'aikata da motoci idan guguwa ta kayar da falwayoyi. Bayan GridEx na 2015 aka gane babu irin wannan tsari ga ƙwararrun kwamfuta, sai majalisar haɗin gwiwar shugabannin masana'antar da ake kira ESCC ta kafa shi a 2016. Kamfanin da aka kai wa hari zai iya neman a aro masa ƙwararru bisa yarjejeniyar da aka riga aka sanya wa hannu.

Sadarwa kuwa ita ce matsalar da take dawowa a rahoto bayan rahoto. Rahoton zagayen 2023 ya jawo hankali kan ICCP, hanyar da ɗakunan kula da layi suke aika wa juna bayanan abin da yake gudana, da kuma buƙatar wata hanyar magana ta daban idan ta yau da kullum ta yanke.

Taruka da horo masu alaƙa

GridEx ba shi kaɗai ba ne. NERC da E-ISAC suna shirya taron shekara-shekara mai suna GridSecCon, inda ake haɗa jawabai da azuzuwan horo. Ma'aikatar makamashi ta Amurka da cibiyar Idaho sun tsara bitar CyberStrike daga darussan Yukren, inda mahalarta suke aiki da na'urori na gaske a kan teburi. Akwai taron S4 da Dale Peterson ya assasa a Miami, wanda ya fi karkata ga masu bincike, da kwasa-kwasan cibiyar SANS a kan tsaron na'urorin masana'antu. Amfanin waɗannan wurare shi ne sukan zaunar da injiniyan lantarki da ma'aikacin kwamfuta a benci ɗaya. Wanda ya saba da kwamfutar ofis idan ya ga matsala yakan ce a kashe a kunna. Injiniyan tasha ya san hakan zai iya jefa gari cikin duhu.

Suka da giɓi

Ana sukar ƙa'idojin CIP da cewa sukan mayar da hankalin kamfani ga tara takardun da zai nuna wa masu bincike fiye da tsaron kansa. Akwai gaskiya a wannan suka, ko da yake ba don ƙa'idojin ba da wuya wasu kamfanoni su ware wa tsaro kuɗi tun farko. Giɓin da ya fi girma shi ne iyakar ikonsu. CIP ta shafi babban layi ne, galibi daga kilobolt 100 zuwa sama, layukan da suke kai wuta gidaje kuwa suna ƙarƙashin jihohi. Harin Yukren na 2015 a kan kamfanonin rarraba wuta aka kai shi. A Disamban 2022 ma, harbin tashoshi biyu a gundumar Moore ta jihar North Carolina ya bar masu amfani da wuta kusan 45,000 cikin duhu na kwanaki.

Tunda shiga GridEx ganin dama ne, manyan kamfanoni masu ma'aikata da yawa ne suka fi cin moriyarsa. Ƙaramin kamfanin gari ko na ƙungiyar manoma, wanda mutum ɗaya ko biyu suke riƙe masa da duk harkar kwamfuta, da ƙyar yake iya sakin su na kwana biyu. Ƙa'idojin dai suna ci gaba da ƙaruwa: CIP-013 a kan kayan da ake saye daga 'yan kwangila ta fara aiki a Oktoban 2020, a 2025 kuma FERC ta amince da CIP-015, wadda take buƙatar a riƙa sa ido a kan abin da yake yawo a cikin hanyar sadarwar kamfani, domin a gano wanda ya riga ya tsallake katanga.