Wattpad

Wattpad dandali ne na intanet, kuma manhajar waya, inda marubutan ƙagaggun labarai ke ɗora rubutunsu babi-babi, masu karatu kuma su karanta, su yi sharhi, su zauna jiran ci gaba. Injiniyoyi biyu, Allen Lau da Ivan Yuen, su suka kafa shi a shekarar 2006 a birnin Toronto na ƙasar Kanada, kuma tun 2021 ya koma hannun kamfanin Naver na Koriya ta Kudu. Buɗe asusu kyauta ne, ɗora labari ma kyauta ne, kuma babu wani edita a bakin ƙofa da zai ce wannan ya isa fita, wancan ya koma gida.

Asali

Lokacin da aka buɗe dandalin, iPhone ba ta fito ba, haka ma na'urar karatu ta Kindle. Dukkansu sai a 2007 suka shigo kasuwa. Wayoyin zamanin ƙanana ne, fuskarsu 'yan layuka kaɗan take ɗauka, don haka maganar karanta dogon labari a waya ba ta shiga kunnen mutane da yawa ba. Shekarun farko tafiyar hawainiya aka yi. A 2007 kamfanin ya zuba tsofaffin littattafai kimanin 17,000 daga taskar Project Gutenberg, domin mai shigowa ya tarar da abin karantawa. Kasuwa ta fara buɗewa ne bayan fitowar manhajar iPhone a 2009, lokacin da matasa, galibinsu 'yan mata, suka fara ɗora labaran da suka rubuta da kansu.

Yadda marubuci ke haɗuwa da mai karatu

Abin da ya raba Wattpad da kantin littattafai shi ne labari yana fita tun bai ƙare ba. Marubuciya za ta rubuta babi ɗaya ta saki, wayar duk wanda ke bin ta ta sanar da shi, kafin gari ya waye ta tarar da ra'ayoyin mutane a ƙarƙashin rubutun. Sharhin ma ba sai an kai ƙarshen babi ba: kowane sakin layi yana da gurbinsa, ta yadda mai karatu zai iya tsayawa daidai kan jimlar da ta sosa masa rai ya faɗi albarkacin bakinsa, wani ya zo ya amsa masa. Akwai ƙuri'a da ake jefa wa kowane babi ta hanyar danna tauraro, akwai ƙidayar yawan karatu da kowa ke gani, akwai kuma kalmomin alama da marubuci ke liƙa wa labarinsa don mai neman soyayya ko ban tsoro ko labarin makaranta ya same shi.

Wannan tsari ya warware wata tsohuwar matsala. A da, sabon marubuci kan shafe shekara yana rubutu shi kaɗai, bai san ko abin da yake yi yana da daɗi ba, sannan ya shiga neman maɗaba'ar da za ta saurare shi. A nan kuwa tun daga babi na uku zai gane inda labarinsa ya yi sanyi, domin sharhi zai ragu, ya kuma gane taurarin da suka shiga ran mutane. Da yawa daga waɗanda suka kai ƙarshen littafinsu na farko a dandalin, roƙon masu karatu ne ya hana su ajiye alƙalami. Wannan kusanci shi ne jarin Wattpad na gaskiya. Kuɗi da fim da gasa duk daga baya suka biyo.

Sai dai kusancin yana da farashinsa. Marubucin da ke jin muryar jama'a kullum yana iya karkatar da labarinsa don ya faranta musu, ya ja abin da ya kamata ya ƙare a babi talatin har ya kai tamanin, ko ya raya tauraron da ya dace ya mutu. Tsarin da ke nuna wa mutane labarai kuma ya fi ɗaga wanda ya riga ya ɗagu, don haka rubutu mai kyau kan kwanta babu mai leƙawa idan mai shi bai iya tallata kansa ba.

Daga waya zuwa takarda da fim

Labarai biyu ne aka fi kafa misali da su. Beth Reekles, 'yar yankin Wales a Birtaniya, tana da shekara 15 ta fara ɗora The Kissing Booth, wanda Netflix ya mayar fim a 2018. Anna Todd ta Amurka ta fara After a 2013, tana rubuta mafi yawansa da wayarta; kamfanin Simon & Schuster ya buga shi a 2014, fim ɗinsa ya fito a 2019. A Filifin, inda dandalin ya yi farin jini ƙwarai, tashar TV5 ta fara shirin wasan kwaikwayo daga labaransa a 2014. Fitacciyar marubuciyar Kanada, Margaret Atwood, ta shiga dandalin a 2012, abin da ya rage masa kallon wurin wasan yara.

Kamfanin ya ga inda riba take. Ya buɗe sashen hulɗa da masu shirya fim a 2016, ya kafa maɗaba'arsa a 2019, a shekarar kuma ya faɗaɗa tsarin labaran kuɗi, inda mai karatu ke sayen sulalla a cikin manhaja ya buɗe babi da su. Yana kuma shirya gasar shekara-shekara mai suna Wattys. A watan Janairun 2021 aka sanar da cewa Naver zai saye shi a kan kuɗi sama da dala miliyan 600. A lokacin ana ƙiyasta masu amfani da shi miliyan 90 a kowane wata, cikin harsuna fiye da 50. Tsarin biyan kuɗin bai taɓa zama na kowa ba, kamfanin ne ke zaɓar labaran da za su shiga, mafi yawan marubuta kuwa ba su samun ko sisi daga dandalin.

A 2020 masu kutse sun sace bayanan asusu kimanin miliyan 270. A 2024 kuma aka rufe hanyar aika saƙon sirri tsakanin masu amfani da shi, matakin da ya ɓata wa marubuta da dama rai domin ta nan suke zumunci da masu bibiyarsu.

Marubutan Hausa

Wattpad bai tarar da Hausawa babu al'adar karatun labari ba. Tun shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ke tafiya da ƙafarsa: marubuci ya buga littafinsa da kuɗin aljihunsa, ya raba shi kashi na ɗaya, na biyu, na uku, 'yan kasuwa su sara, masu shagon haya su bayar a karanta a dawo. Saboda haka sakin labari gutsure-gutsure da barin mai karatu cikin zumuɗi ba baƙon abu ba ne. Da takarda ta yi tsada, wayar hannu kuma ta shiga ɗakunan mata, sai rubutun ya yi ƙaura zuwa Facebook da WhatsApp da Wattpad, kuma mata ne suka fi yawa a cikin masu rubutawa da masu karantawa. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata zalla ta nuna yawan masu baiwar da ke wannan fage.

Amfanin Wattpad ga marubuciyar Hausa shi ne adana labari a jere da sunanta a kai, ba kamar WhatsApp ba inda shafuka ke nutsewa cikin hira. Yarinya a Damagaram ko Kumasi ko Jidda tana iya karanta abin da aka rubuta a Gusau a daren da aka sake shi. Cinikin kuwa a waje ake yinsa. Abin da aka saba gani shi ne a saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mutane sai a sanar da farashi, mai so ta tura kuɗi ta banki ko katin waya, ta aika shaidar biya, a saka ta a zauren da ake ci gaba da sakin labarin. OkadaBooks, manhajar Najeriya da wasu marubutan Hausa suka riƙa sayar da littattafansu a cikinta, ta rufe a 2023.

Babban ciwon wannan kasuwa shi ne satar fasaha. Mutum ɗaya zai biya, ya kwafe littafin gaba ɗaya ya watsa a zauruka, wani lokaci har a cire sunan mai shi, ko a karanta shi a YouTube a ci kuɗin talla ba tare da izininta ba. Shi ya sa marubuta da yawa ke buɗe kowane shafi da gargaɗi, wasu har da cewa ba su yafe ba ga duk wanda ya karanta bai biya ba.