A Singafo shekara 15 mamaci ke yi a kabarinsa, sai a tono shi

Jama'a akwai wata doka a Singafo da in ka fara jin ta sai ka ce anya kuwa? Tun watan Nuwamba 1998 gwamnatin ƙasar ta ce kabari aro ne na shekara 15, in wa'adin ya cika hukuma na da ikon tonewa a sa wani a wurin.

Kafin mu fara la'anta, a duba ƙasar tukuna. Tsibiri ne ɗan mitsitsi, murabba'in kilomita 730 da 'yan kai, mutane kuma kusan miliyan 6, ga gidaje ga masana'antu ga barikin soja duk ana rububin fili. Maƙabarta ɗaya tak ta rage da ake binne mutane yanzu, ita ce Choa Chu Kang. Tsohuwar maƙabartar Bidadari ma tuni aka kwashe ta, yau rukunin gidaje ne a wurin.

To in an tono ya ake yi? Ya danganta da addinin mamacin. Waɗanda addininsu ya yarda da ƙona gawa, sai a ƙona abin da ya rage a adana tokar. Musulmi kuwa, da Yahudawa da sauran waɗanda dole sai an binne su, ba a ƙona nasu. Hukumar addinin Musulunci ta ƙasar, MUIS, ita ke kula da ɓangaren Musulmi, ana sanar da dangi su zo su yi rajista, ranar tonon in suna so su halarta, a tattara ƙasusuwan a naɗe a sabon likkafani, sannan a haɗa mutum takwas a kabari guda, kowa da ƙunshinsa daban. Kuma ba wai ranar da shekara 15 ta cika ake zuwa da shebur ba fa, sashe-sashe ake bi, wani kabarin yakan wuce haka sosai kafin layi ya zo kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin 2007, da suka koma gina kabarin da kankare, bango huɗu amma ba a daɓe ƙasan ba, gawa na kwance kan turɓaya yadda aka saba, ga shi bango ba ya zaftarewa lokacin damina, ba a kuma ɓarnar fili tsakanin kabari da kabari.

Ni dai gaskiya zuciyata na ɗan sosuwa, ace kabarin mahaifinka da kake ziyarta wata rana a ce maka an matsar. Sai dai ko a Baƙi'a ta Madina ai ana sake binne wani a tsohon kabari.

Inda abin ya fi ciwo shi ne 2017, da aka sanar za a tone kaburbura sama da 80,000, kusan 35,000 na Musulmi, don faɗaɗa sansanin sojan sama na Tengah da ke maƙwabtaka da maƙabartar.