Ɗakin imajansi ma yana son mai shi

Wani dare cikin damina, ina bakin aiki a ɗakin imajansi na wani asibiti a nan jihar Kebbi, aka shigo mana da mutum huɗu cikin abin da bai kai rabin awa ba. Na farko dattijo ne da ciwon baya ya hana shi barci kwana uku, ɗansa ya rako shi. Sai wani matashi da ya faɗi a babur ƙafa ta karye, ana jin ihunsa tun daga bakin get. Sai yarinya 'yar shekara biyu goye a bayan uwarta, jiki zafi rau, ba kuka ba motsi. Na ƙarshe manomi ne daga fadama, maciji ya sare shi da la'asar. Da ƙafarsa ya shigo har yana gaisawa da mutane, sai dai dasashinsa na tsattsafo jini.

Likitan da ke aiki a daren bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, sai ya nufi mai ihu. Ni ma da a shekarata ta farko ce, can zan nufa. Wata babbar nas da muke kira Inna ta riƙo masa hannun riga ta ce, "Likita, mai ihu yana da numfashi. Zo ka duba wadda ta yi shiru." Aka gwada, sukarin jinin yarinyar ya faɗi warwas, ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Muna cikin neman jijiya ɗan dattijon nan ya taso yana faɗa: "Mu munka riga su zowa!" Gaskiyarsa, su suka riga kowa. Sai dai ciwon bayan mahaifinsa zai iya jiran awa biyu, yarinyar kuwa ba ta da minti goma.

Ta tashi, alhamdu lillahi. Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne, abin da ya cece ta ba ya rubuce a ko'ina cikin ɗakin. Yana cikin kan Inna ne, kuma Inna ta yi ritaya bayan shekara biyu ta tafi da abinta.

A yawancin asibitocin ƙasar nan, ƙananan likitoci ake bari a ɗakin imajansi. Su karɓi marar lafiya, su yi abin da za su iya, sannan su kira manya: likitan tiyata, likitan ƙashi, likitan mata ko na yara. Kowane babban likita yana da sashensa, da gadajensa, da ɗalibansa. Imajansi kuwa mashiga ce kawai, ana zuwa a ɗauki wanda ya dace a wuce da shi. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To ɗakin da ba shi da mai shi fa? Shi ne za ka tarar da tukunyar oksijin babu iska, na'urar zuƙe majina ta lalace tun bara, kuma babu wanda za a tambaya.

Wasu ƙasashe sun daɗe da mai da wannan aiki fanni mai zaman kansa. A Amurka an fara horar da likitoci musamman domin imajansi a Jami'ar Sinsinati a 1970, aka amince da shi a matsayin cikakken fannin ƙwarewa a 1979. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta yi gaba. Gana ta fara nata horon a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi a 2009, Tanzaniya ta biyo baya a asibitin Muhimbili a 2010. Mu mun makara. Sai a 'yan shekarun nan Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa, wadda ke Ijanikin a Legas, ta buɗe wa fannin tsangayarsa. Ƙwararrunsa kaɗan ne a duk Najeriya, a yankinmu kuwa abin ya fi ƙaranci.

Iyaye kan tambaye ni, shi wannan likitan imajansi me ya ƙware a kai, ido ko zuciya? Nakan ce ya ƙware a kan awar farko. Aikinsa ne a kawo masa mutumin da ba a san abin da ke damunsa ba, ya gano abin da zai fara kashe shi, ya tare. Ya san yadda ake buɗe hanyar numfashi a zura bututu. Ya san yadda ake huda ƙirji a fitar da jini ko iskar da ta danne huhu bayan haɗarin mota. Yana ɗora na'urar hoton ciki a bakin gado ya ga ko jini na taruwa a ciki, ba sai an tura mutum layin hoto ba. Mai jijjigar haihuwa, da yaron da ya sha kananzir, da manomin da maganin feshi ya bugar a gonar shinkafa, da wanda aka tsamo daga kogi, duk nasa ne har su daidaita, sannan ya miƙa su ga sashen da ya dace.

Hanyar tana da tsawo, gara ɗalibi ya sani tun yanzu. Shekara shida a jami'a, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Daga nan sai jarrabawar share fage, a shiga horon ƙwarewa a asibitin da aka amince wa, a yi 'yan shekaru ana ƙaramin rajistara, wato likita mai neman ƙwarewa, a ci jarrabawar mataki na ɗaya, a zama babban rajistara, a rubuta kundin bincike, a ci ta mataki na biyu. Horon kan ci shekara biyar zuwa shida kafin a kira mutum kwansaltan, wato cikakken ƙwararren likita.

Wanda ya zaɓi ɓangaren jami'a, riga biyu yake sawa: lakcara ne a kwalejin likitanci, kwansaltan ne a asibitin koyarwa. Yana hawa daga lakcara zuwa babban lakcara har farfesa, kuma da koyarwa da binciken da ya wallafa ake auna shi. A nan nake so in ɗan daɗe, domin mutanenmu na ganin bincike kamar abin ado ne na 'yan boko. A 2010 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a kan yara fiye da 5,000 masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, inda aka yi a Ilorin. Ya nuna allurar atesunet ta rage mutuwa da fiye da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da kwinin. Allurar da muka yi wa yarinyar nan ke nan. A 2011 wani gwajin a Yuganda da Kenya da Tanzaniya ya girgiza likitoci: ɗura wa yaro mai zazzaɓi ruwa da yawa cikin sauri ta jijiya, abin da aka daɗe ana yi da kyakkyawar niyya bisa koyarwar Turai, ashe yana ƙara yawan masu mutuwa ne a irin asibitocinmu. Da ba a ƙirga ba, da har yau ana yi. A 2023 kuma aka wallafa binciken zubar jini bayan haihuwa wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni domin a san yawan jinin da ta zubar, aka haɗa magungunan a ba ta lokaci guda, sai mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Ita likitar mata ce, amma irin aikin da muke nema a imajansi ke nan: likita ya duba abin da ke kashe mutanensa, ya ƙirga, ya gwada, ya sauya yadda ake yi.

Mu a Kebbi tambayoyinmu na nan jibge suna jiran mai ɗauka. Awa nawa mai naƙuda ke yi daga ƙauyukan Bagudo ko Kamba kafin ta kai inda ake ƙarin jini? A wane wata saran maciji ya fi yawa a fadamun Argungu da Suru? A wane gurbi na hanyar Jega zuwa Koko zuwa Yawuri ya kamata motar ɗaukar marasa lafiya ta riƙa kwana? Likitan Landan ba zai amsa mana waɗannan ba.

Sai shugabanci, wanda likitoci da yawa ke gudu suna cewa su ba 'yan siyasa ba ne. Kujerun na nan: shugaban sashe, mai kula da horar da rajistarori, shugaban kwamitin ba da shawara kan aikin likitanci a asibiti, shugaban asibitin kansa, shugaban kwalejin likitanci, har kwamishinan lafiya. A kan teburin waɗannan mutane ake raba kuɗi da ma'aikata. In babu wanda ya taɓa kwana a imajansi a cikinsu, sai a sayi babbar na'ura ta miliyoyi a manta da safar hannu da oksijin.

Dokoki ma muna da su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin wannan aiki. Daga nan shirin NEMSAS na motocin ɗaukar marasa lafiya ya samo asali, wanda aka ƙaddamar a Abuja a 2022, da nufin ɗaukar nauyin jinyar awa 48 na farko. Dokar 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Asibiti ne zai sanar da su bayan an fara magani. Ga mu da 'yan'uwanmu na Zamfara, wannan doka ba ƙaramin abu ba ce. Amma doka ba ta cike fom, ba ta ajiye lissafin marasa lafiya, ba ta bin kuɗi har su fito. Mutum ke yi.

Ku tuna jirgin ruwan da ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, ɗauke da mutane fiye da 150. Ko a ruwa, ko a hanya, ko a kasuwa, ranar da aka kawo wa asibiti mutum talatin lokaci guda, ba ranar ce ta tambayar wa ke riƙe da makullin sito ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsara wanda zai tsaya a ƙofa, da wanda zai kira masu ba da jini, da yin atisaye lokaci-lokaci, duk aikin shugaban sashen imajansi ne.

Ba zan ɓoye wa ɗalibanmu da ke karatu a Birnin Kebbi da Sakkwato wahalarsa ba. Akwai kwanan zaune, akwai zagin dangin marar lafiya, wani lokaci har da duka. Za ka ga mutuwa fiye da abokanka na wasu sassan, kuma ba fanni ba ne da ake buɗe asibitin kuɗi da shi a yi arziki. Wasu da sun ƙware sai Saudiyya ko Ingila ta ɗauke su. Amma aikin na karɓa-karɓa ne, in ka miƙa ka tafi gida ba mai kiranka, abin da ya sa nake ganin ya dace da 'yan matanmu masu tunanin haɗa aiki da iyali. Kuma fili ne da ba a cika ba: wanda ya shiga yanzu, shi zai kafa sashe, shi zai rubuta ƙa'idar da za a bi bayansa.

Ku kuma jama'a, in kun ga an tsallake ku an ɗauki wanda ya zo daga baya, ba sanayya ba ce. Ana tantance marasa lafiya ne da launi: ja a gan shi nan take, ruwan ɗorawa ya ɗan jira, kore ya jira sosai. Ku taimaka mana da faɗin lokacin da abin ya faru. In guba aka sha, ku zo da kwalbar, kada a ɗura manja ko madara, kada a sa shi amai. Yaro mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, ban da cusa cokali a baki. Karayar da ƙashi ya huda fata, asibiti za a fara kai ta. Ina girmama masu ɗorinmu na Aliero, amma buɗaɗɗen rauni yana son wanki da allura kafin komai. A hanya kuma lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa 112.

Saran maciji kuwa, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau da igiya. Manomin nan namu duk an yi masa ukun kafin ya iso. Muka ɗebi jininsa a kwalba mai tsabta muka ajiye minti 20, bai daskare ba, alamar dafin kububuwa ke nan. Inna ta aika a ɗauko maganin dafi, aka ce ya ƙare tun watan jiya, kuma ba a rubuta neman wani ba domin kowa na zaton wani sashen ne zai rubuta. Ƙaninsa ya hau babur cikin ruwan sama, ya buga ƙofar masu kemis har ya samu a gari na biyu, ya dawo ana kiran assalatu. Mutumin ya kwana tara aka sallame shi. Buhun shanshera shida suka sayar.