Waiwaye: Furen Usambara da ya cika tagogin Turai, ya yi ƙaranci a gida

A shekarar 1892, wani jami'in mulkin mallakar Jamus da ke riƙe da gundumar Tanga, Walter von Saint Paul-Illaire, ya ci karo da wani ɗan fure a kurmin yankin Usambara, cikin Tanzaniya ta yau. Ya aika wa mahaifinsa irin a Jamus, mahaifin ya miƙa wa masanin tsirrai Hermann Wendland na lambun Herrenhausen da ke Hanover. A 1893 Wendland ya raɗa wa furen suna Saintpaulia.

Fure ne ɗan ƙil. Ganyensa kauri gare shi, da gashi-gashi kamar karammiski, furen kuma shuɗi mai jan shunayya, da ɗigon rawaya a tsakiya. A daji yakan laɓe ne jikin dutse mai gansakuka a bakin rafi, inda inuwa ba ta yankewa, danshi ba ya ƙarewa. Rana ta buɗe masa, ya ƙone. A tukunya kuwa ba ya ba da wahala: a tsinki ganye ɗaya a soka a ƙasa mai laima, sai ya yi saiwa ya fito da 'ya'ya. Da haka ya bazu Turai da Amurka, masu lambu suka yi ta haɗa irinsa har launuka suka yawaita.

Abin da ke damuna shi ne, wannan yawan na cikin tukwane ya rufe wa duniya ido. Wa zai yarda furen da ake sayarwa a kowane kanti yana cikin haɗari? A can gida kuwa kurmin sai ja da baya yake yi. An share wurare an yi gonakin shayi. Manoma na sassabe ƙasan kurmi su shuka iliki, kayan ƙamshin nan da ake sa wa shayi, domin da shi suke rufa wa kansu asiri. Itacen Maesopsis da aka shigo da shi tun zamanin Jamusawa ya mamaye duk inda aka sare. A shekarun 1980 injinan katako suka yi wa Gabashin Usambara mummunar ɓarna, har da tallafin Finland a ciki. Da kuka ya yi yawa aka dakatar da saran, Finland ɗin ta juya ta sa kuɗi a aikin kare kurmin, kuma a 1997 aka kafa gandun dajin Amani a yankin.

A 2015 masana suka mayar da Saintpaulia cikin dangin furannin da ake kira Streptocarpus. Suna ya canja a takarda, halin da furen ke ciki yana nan. A ƙetaren iyaka, a tsaunukan Taita na Kenya, akwai wani nau'insa da ba a san shi ko'ina ba sai a kurmin Mbololo, ɗan guntun daji a kan tudu da gonaki suka yi wa zobe, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin tsirran da ke dab da ƙarewa.