Sassabin zamani

Sassabin zamani hanya ce ta mayar da itatuwa gona ba tare da dashe ba. Manomi yana barin kututture da saiwar da ke raye a ƙasa su yi tofo, sannan ya riƙa gyara tofon har ya zama itace. Daga jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar aka fara yaɗa ta a 1983.

Kafin lokacin, sassabe na nufin share gona ƙal: a sare sabara da kalgo, a tara a cinna wuta. Gonar da ke da tofo ana ɗaukarta gonar rago. Yawaitar jama'a, faɗaɗa gonakin gyaɗa da farin shekarun 1970 suka bar ƙasa tsirara, har iskar farkon damina ta riƙa binne hatsi da rairayi tun yana jariri, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. Ayyukan dashe sun ci kuɗi, amma yawancin dashen rani ko awaki ke gamawa da shi. Ga kuma dokar gandun daji da ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, wadda ta sa ba wanda ke son rainon abin da za a ci shi tara in ya taɓa.

Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya da a lokacin yake aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maradi, shi ya lura cewa ƙananan tofon da ke cike da gonaki itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai. Ya fara da manoma ƙalilan, maƙwabta na yi musu dariya. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare itatuwan da suka yi raino. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga amfanin, daga nan abin ya bi gona-gona, manomi na koya wa manomi.

Aikin kansa ba ya buƙatar komai sai adda ko gatari mai kaifi. A kowane kututture ana zaɓar rassa mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, a cire sauran. Waɗanda aka bari ana sassabe musu ƙananan rassa zuwa rabin tsayinsu. Sara daga ƙasa zuwa sama ake yi, domin saran da ya gangaro yana yage ɓawo. Wasu kan ɗaura tsumma a jikin reshe, alamar cewa yana da mai shi. Bayan 'yan watanni a dawo a sake gyarawa. A nan ne yawancin masu farawa ke yin sakaci.

Gawo ya fi kowane daraja a gona, don da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ga taki, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. Ana kuma barin kalgo, sabara, magarya da aduwa. Mata sun sami itacen girki kusa da gida. Babbar matsala ita ce sara cikin dare da ɓarnar dabbobi, shi ya sa ƙauyuka irin su Dan Saga da ke yankin Aguié suka kafa kwamitocin tsaro.

Binciken hotunan tauraron ɗan'adam ya kiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun farfaɗo a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, a 2020 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin amfani da itatuwan da ya raina a gonarsa.