Jirgin ƙasan da ke kai mutanen Boston bakin teku da bazara: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara da zarar sanyi ya sake mu a nan jihar Massachusetts ta Amurka sai tambayoyi su fara shigo min daga 'yan uwa, musamman ɗalibai da sababbin zuwa da ba su da mota, wai da gaske akwai jirgin ƙasa da ke zuwa Cape Cod, nawa ne, a ina ake hawa, ana iya tafiya da yara. Sai na ce bari in tara su wuri guda in amsa, don wallahi yana damuna in ga mutum ya shekara uku a Boston bai taɓa kai 'ya'yansa bakin teku ba don kawai ya ɗauka sai mai mota ke zuwa.

Wane jirgi ne wannan, kuma yaushe yake aiki?

Sunansa CapeFLYER. Yana tashi daga South Station a tsakiyar Boston ya dire a garin Hyannis da ke Cape Cod, wato wannan yankin da ya miƙe cikin tekun Atlantika kamar hannun mutum a lanƙwashe. Ya fara aiki a watan Mayun 2013, kuma haɗin gwiwa ne tsakanin hukumar MBTA mai jiragen Boston da kewaye, da ma'aikatar sufuri ta jiha, da hukumar motocin bas ta Cape Cod ɗin kanta. Ba kullum yake tashi ba fa. Juma'a da yamma ne, sai Asabar da Lahadi da wasu ranakun hutu, daga ƙarshen makon Memorial Day a ƙarshen Mayu zuwa Labor Day, Litinin ɗin farko ta Satumba. Mako 15 ke nan ko kusa da haka, daga nan shikenan sai baɗi.

Kuma in na ce bazara kar wani ya tuna zafin Afrilu na gida. Tasu bazarar Yuni ce da Yuli da Agusta, daidai lokacin da damina ta kankama a wajenmu.

Me ya sa sai da bazara kawai?

Saboda lokacin ne mutane ke zuwa. Ƙidayar 2020 ta nuna mazauna Cape Cod na dindindin ba su kai dubu 230 ba, amma da bazara sai wurin ya cika ya batse da masu gidajen hutu da 'yan yawon buɗe ido da ma'aikatan otal-otal da gidajen abinci. Da sanyi kuwa shaguna da yawa a kulle suke.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da ke ƙarƙashin abin. Ba a sayi sabon jirgi ba, ba a shimfiɗa sabon dogo ba. Taragon nan da ke ɗibar ma'aikata daga garuruwan kewaye zuwa ofisoshin Boston daga Litinin zuwa Juma'a, da yawansu zaune suke ranar Asabar da Lahadi ba abin da suke yi, kuma titin dogo zuwa Hyannis yana nan tun kaka da kakanni, jirgin kwashe shara da na 'yan yawon buɗe ido suna binsa. Sai aka ce to me zai hana a ɗauki abin da ke zaune a kai shi inda ake bukata. Shi ke nan fa. A shekarar farko ma sama da mutum dubu 16 suka hau, har aka tsawaita aikinsa zuwa Oktoba.

To ni ina da mota, ba gara in tuƙa kayana ba?

Kaga ɗan'uwa, in daren Talata ne ko da asuba, tuƙa abinka, awa ɗaya da rabi ka isa, jirgi ba zai kamo ka ba. Amma Juma'a da yamma a watan Yuli wani labari ne daban.

Matsalar ita ce Cape Cod ɗin an yanke ta daga sauran jihar da wata mashigar ruwa da aka haƙa don jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1914. Tun daga nan ta zama kamar tsibiri, kuma duk motar da za ta shiga ko ta fita dole ta bi ta ɗaya daga cikin gadoji biyu, gadar Bourne ko gadar Sagamore. Dukansu a 1935 aka buɗe su, lokacin motoci ƙanana ne kuma ba su da yawa, kowace layi biyu shiga layi biyu fita, ga layukan a matse. Yanzu ka ɗauko rabin Boston ka ce su bi ta nan a yamma ɗaya. Goslo ne irin na jajiberin sallah, sai dai shi wannan duk mako ake yinsa, Juma'a wajen shiga, Lahadi wajen fita, yara na kuka a baya, mai na ƙonewa, in ka isa kuma ga kuɗin fakin a bakin teku wanda shi ma ba wasa ba ne, wasu wuraren ma sai mai sitikar garin ake bari ya ajiye mota. Tun 2020 hukumar injiniyoyin sojan Amurka da ke kula da gadojin ta yanke cewa sun tsufa a sauya su, amma aiki ne na shekaru, kuma kafin a gama shi cunkoson nan yana nan daram.

Shi jirgin ta ina yake tsallake ruwan?

Wannan ita ce tambayar da na fi son amsawa, don nan ne daɗin tafiyar yake. Jirgi yana da tasa gadar a Buzzards Bay, ita ma 'yar 1935 ce, amma ba irin gadar da muka saba gani ba ce. Hasumiya biyu ne dogaye, ɗaya a wannan gaɓa ɗaya a waccan, sai gangar gadar mai tsawon kusan mita 166 tana rataye a tsakaninsu can sama, wajen mita 41 daga ruwa, don manyan jiragen ruwa su wuce ta ƙasa. A saman nan take kwana take wuni. Sai jirgin ƙasa ya matso ake sauko da ita a hankali har ta haɗu da dogo, minti biyu da wani abu, jirgi ya wuce, a sake ɗaga ta. Lokacin da aka gina ta babu irinta mai tsawonta a duniya.

In kina tare da yara ki tashe su in sun yi barci kafin a iso nan, ki kai su taga. Ruwa a dama ruwa a hagu, masu kamun kifi da masu keke a gaɓa suna ɗaga hannu. Har manya shiru suke yi.

Nawa ne, kuma awa nawa ake yi?

Kusan kilomita 125 ne, awa biyu da rabi ko ƙasa da haka kaɗan. Da aka fara dala 20 ne zuwa, 35 zuwa da dawowa, daga baya ya koma 22 da 40 ya daɗe a haka, amma a duba shafinsu kafin a fito don farashi da lokaci kan motsa. Yara 'yan shekara 11 zuwa ƙasa kyauta ne in suna tare da babba, tsofaffi kuma suna da rangwame. Keke ma kyauta ake ɗauka, akwai tarago na musamman dominsa, akwai kuma inda ake sayar da abin sha da ɗan abin taɓawa. Yana tsayawa a Braintree da Brockton da Lakeville da Wareham da Buzzards Bay da Bourne kafin Hyannis, don haka wanda ke zaune kudu da Boston ba sai ya shigo cikin gari ba.

Awa biyu da rabi a kilomita 125? Ai ya cika nawa.

Gaskiya ne, ba zan kare shi a nan ba. Daga Boston zuwa Lakeville dogon na jiragen ma'aikata ne, gudu yake yi sosai. Daga nan kuma sai a hau tsohon dogo, in an tsallake gada ma tafiyar hawainiya ce. Kuma babban aibinsa a wajena ma ba gudun ba ne, ƙarancin sawu ne: ranar Asabar ko Lahadi sau ɗaya yake tafiya da safe ya dawo da yamma. In ya wuce ka a Hyannis sai dai ka nemi bas ta dawo da kai Boston, akwai su a tashar, amma kuɗi ne na biyu. Don Allah a bar bakin ruwa da wuri, musamman mai tattara yara da kaya.

In na sauka a Hyannis sai kuma yaya? Ai tasha ba a bakin teku take ba.

Ba a bakinsa take ba amma ba nisa. Tashar jirgin ita ce kuma tashar bas, a tsakiyar gari kusa da Main Street. Akwai Veterans Park Beach da Kalmus Beach, mai ƙarfin ƙafa zai iya takawa, mai keke kuwa 'yan mintuna ne, ko a hau bas. Craigville Beach na ɗan gaba. Waɗannan duk a ɓangaren kudu suke inda ruwan ya fi ɗumi kuma ya fi kwanciya, shi na fi ba mai ƙananan yara shawara. Mai son tsallakawa tsibirin Nantucket ko Martha's Vineyard kuma jiragen ruwa suna tashi daga Hyannis ɗin, mai saurin zuwa Nantucket awa ɗaya yake yi, sai dai wannan tafiyar mai kwana ce ba ta wuni ɗaya ba. Mai son tarihi ga gidan tarihin tsohon shugaban Amurka John F. Kennedy nan a Main Street, don gidan danginsu na Hyannis Port ne, kuma shi ya sa hannu a 1961 aka keɓe gaɓar gabashin Cape Cod ta zama ta al'umma ba mai gina otal ya toshe ta.

Wata yaya ta tambaye ni, mu da muke sa hijabi fa, wurin zai yi mana?

Yaya, zai yi. Ba wanda zai ce ki cire komai, kuma ba dole sai an shiga ruwa ba, da yawa zama kawai suke yi su sha iska yara su yi wasa da yashi. Amma ki sani bakin tekun Turawa ne, za ki ga shigar da ba tamu ba, don haka ki nemi gefe inda iyalai suke ki shimfiɗa tabarmarki. Ki taho da abincinki daga gida, ya fi araha kuma hankalinki ya fi kwanciya, ki sako dadduma da ruwan alwala. Ranar doguwa ce, a Yuni da Yuli sai bayan ƙarfe 8 rana ke faɗuwa, azahar da la'asar duk a can za su same ki.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne maganar ruwa. Teku ba kogi ba ne ba kuma kududdufi ba, wanda ya iya ninƙaya a gida ma igiyar ruwa na iya jansa ciki. A tsaya inda masu ceto suke zaune a kan dogayen kujerunsu, a kula da tutar da suka kafa, ido kuma kar ya bar kan yaro ko na minti ɗaya. Can ɓangaren gabas wajen Wellfleet da Truro akwai manyan kifayen shak da ke bin dabbobin ruwan nan da ake kira seal har kusa da gaɓa, a 2018 ma an rasa rai a Wellfleet, in an ce a fito a fito.

Wannan jirgi sabon abu ne a wurin?

Ina! Dogo ya isa Hyannis tun 1854, ya kai har Provincetown a can ƙarshen hannun a 1873, jirgi ya daɗe yana kai 'yan hutu yankin. Da mota ta yi yawa aka gina manyan tituna sai aka daina jirgin fasinja na kullum daga Boston a 1959. An ɗan gwada na bazara daga Braintree tsakanin 1984 da 1988, Amtrak mai jiragen fasinja tsakanin jihohin Amurka ma ta yi nata daga New York daga 1986 zuwa 1996, duk suka tsaya. Wani ɓangare na tsohon dogon an cire ƙarfen an mai da shi hanyar keke, ita ce Cape Cod Rail Trail, shi ya sa za ka ga masu keke da yawa a jirgin.

Idan dala 40 ta yi min yawa fa?

To ka juya arewa. Daga North Station akwai jirgin ma'aikata na yau da kullum mai zuwa Rockport, yana tsayawa a Manchester-by-the-Sea inda Singing Beach take, daga tasha tafiyar ƙafa ce ta minti 10 zuwa 15, sai Gloucester, sai Rockport ɗin. Tun 2018 MBTA ta fito da tikitin dala 10 na Asabar da Lahadi wanda za ka yi ta hawa da shi iya son ranka, sai dai ba ya aiki a CapeFLYER, kar ka riƙe shi ka nufi Hyannis. Ruwan arewa ya fi sanyi sosai ko a Agusta, wannan kam ka shirya masa. Amma sawu ya fi yawa, in wannan ya wuce ka wani na tafe.

In kuma ko goman babu, ka hau jirgin ƙasan cikin gari na layin Blue Line ka sauka a Revere Beach, kuɗin jirgin gari kawai za ka biya, daga tasha ka tsallaka titi sai yashi. Tun 1896 aka ware ta don jama'a, ita ake kira bakin tekun al'umma na farko a Amurka, kuma shiga kyauta ne.